Sifanar da Ba a Ƙirga Ba

Kawu bai taɓa tuƙa jirgi ba, ko sau ɗaya. Duk baƙon da ya shigo falonsa ya ga hotunan da ke bango, ya gan shi tsaye da hular kwano a gindin jirgi mai saukar ungulu, sai ya ce, "Ashe matuƙi ne kai!" Kawu kuma ba ya barin maganar ta wuce. Zai ajiye kofin shayinsa ya ce shi makanike ne, matuƙa su ne masu zama a gaba suna danne-danne, shi aikinsa gyara abin da suka ɓata. Shekara ashirin da shida ya yi a sojan sama, kuma duk tashin da ya yi a baya ya yi shi, kan wata 'yar kujerar tamfol mai naɗewa, kusa da ƙofa, inda iska ke shigar wa mutum ta ƙafar wando.

Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinsu gyaran keke yake yi a wata rumfar kwano da ke kan kwanar titi, tsakanin mai aski da mai gawayi. A nan Kawu ya tashi, hannu dumu-dumu da baƙin mai. 'Yan'uwansa sun ce tun yana ƙarami ba ya ganin abu yana juyawa ya ƙyale shi. Ya kwance agogon bango, ya kwance keken ɗinkin mahaifiyarsu ranar da take da ɗinkin mutane, ya sha duka, washegari ya kwance rediyo. Ba son ɓarna ke kai shi ba, tambaya ce: me ke juya wannan, shi kuma wancan me ke juya shi? A wurin mahaifinsa ya koyi abin da ya zame masa suna daga baya. Tsohon yakan ɗora bakin sukudireba a kan ƙarfe, ya kara mariƙin a kunne, ya rufe ido, ya faɗi inda ciwon yake tun ba a kwance noti ko ɗaya ba. Da Kawu ya kai wannan ɗabi'ar bariki, sai abokan aiki suka sa masa Kunne, har manyan hafsoshi da shi suke kiransa.

Yana aji huɗu a sakandare wani jirgi mai saukar ungulu ya zo ya tsaya cak a saman filin ƙwallon makarantarsu, ba gaba ba baya, kamar an rataye shi. Sauran ɗalibai suna tsalle suna ihu, Kawu yana tsaye baki buɗe. Ya tambayi malamin kimiyya yadda abu mai nauyi haka zai zauna a kan iska. Malamin ya yi zane a allo, zanen bai gamsar da shi ba. Wannan tambayar ce ta kai shi aikin soja, ba son kaki ba. Ranar da zai tafi, mahaifiyarsa ta share hawaye ta tambaye shi abu ɗaya: "To in ya lalace a can sama, ina ake tura shi gefe?" Ya ce bai sani ba tukuna, amma zai gano.

Ya kuwa gano. In jirgi ya nuna alamar ciwo ba a yi masa gardama, fili mafi kusa ake nema a sauka. A rundunarsu ba wanda ke kiran wannan saukar gaggawa sai a takarda. A baki iri uku ce. In an sauka an duba an tashi a ranar, gaisuwa ce. In sai an kwana ana jiran kayan gyara, ziyara ce. In kuwa jirgin ba zai ƙara tashi da kansa ba sai an zo da babbar mota, to ya tare ke nan. A ɗakin shan shayi da ke bayan rumfar jirage akwai wani baƙin allo da suke kira Allon Zumunci. A nan ake rubuta sunan duk wanda sakacinsa ya sa aka je gaida mutanen da ba a sani ba, kuma mai suna a allo shi zai dafa wa kowa shayi wata guda. Kawu ya sha shayin matuƙa, ya sha na masu zuba mai, ya taɓa shan na wani Kanar ma. Shekara goma sha tara ba wanda ya sha nasa.

Abin da makanike ya mallaka a wannan aikin shi ne sa hannunsa. Jirgi ba ya tashi sai an samu wanda ya rubuta sunansa a littafi cewa ya duba, lafiya lau yake. Sai mutum ya yi shekaru kafin a ba shi izinin sa wannan hannun, kuma a rana ɗaya ake karɓe shi. Ga wata ƙa'ida ta rundunarsu da ba ta cikin kowane littafi: wanda ya sa hannu, da shi za a tashi. Kawu yana cewa wannan ƙa'idar ta fi duk wani sufeto iya aiki.

Kayan aikin kuwa a jikin wani katako suke rataye, an zana siffar kowanne da jan fenti a bayansa. In ka ɗauke sifana, inuwarta ja za ta tsaya tana kallonka har ka mayar. Guda sittin da huɗu ne a katakon Kawu. Ana ƙirga su kafin a fara aiki, a ƙirga bayan an gama, wani ya zo ya sake ƙirgawa. In ɗaya ya ɓace, ko da ƙaramar filaya ce, ba jirgin da zai fita daga rumfar sai an gan ta, domin ƙarfen da aka manta a cikin jirgi yana iya gangarawa ya maƙale inda bai kamata ba. Shi ya sa aka hana kowa shigowa da kayan aikinsa na kansa.

Kawu yana da ta sittin da biyar.

Wata 'yar sifana ce mai lamba goma, ta mahaifinsa. Tsohon ne ya gasa ta a wuta ya lanƙwasa wuyanta saboda wani irin keke, Kawu kuma ya goge gefenta da dutse har ta yi siriri. A saman jirgin, bayan wani bututun mai da ke kan giyabos, wato akwatin da ke juya babbar fankar, akwai wani noti da aka ɓoye kamar don mugunta. In da sifanar gwamnati za ka kai gare shi, sai ka cire bututu biyu da murfi ɗaya, aikin awa biyu. Da lanƙwasasshiyar, minti biyar. A aljihun gwiwa na wandon aikinsa take zama, ba ta da inuwa a katako, ba ta da lamba a littafi. Ya san akwai wasu tsofaffin makanikai da aljihunsu ke ɗan ƙara in sun durƙusa. Ba ya tambayarsu, ba sa tambayarsa.

Ranar da abin ya faru, kwalayen magani za su kai wani ƙaramin sansani. Su uku ne. Matuƙin wani Kyaftin ne gajere mai yawan barkwanci, wanda saboda gajartarsa ake ce masa Dogo. Mataimakinsa kuwa Farfesa, don ba ya rabo da littafin jirgin, har shafi yake kawo maka in kuna musu. Da safe Kawu ya hau sama ya ɗaure notin nan. Yana cikin yi aka ƙwala masa kira daga ƙasa cewa motar mai ta iso, direban yana sauri, a zo a duba man kafin a zuba. Ya rufe murfi ya sauko. Da ya gama ya je ya ƙirga katakonsa, sittin da huɗu cif. Kofur mai dubawa ya ƙirga, sittin da huɗu. Kawu ya ɗauki biro ya sa hannu.

Sun yi kamar minti arba'in a sama, gonaki na wucewa a ƙasa, sai muryar Dogo ta shigo cikin hularsa, a sanyaye kamar mai cewa a miƙo masa gishiri.

"Kunne, jirginka ya kunna mana fitila."

"Wacce?"

"Ta giyabos."

"Lafiya lau na ba ku shi. Me kuka taɓa?"

Farfesa ya riga ya buɗe littafi a kan cinya. "Shafi na tamanin da bakwai ya ce a sauka da zarar an samu fili."

"Farfesa, shafin bai faɗi wanda ke da dangi a nan ƙasa ba?" in ji Dogo. "Ni dai ban riƙo tsaraba ba."

Kawu ya miƙe, ya ɗora sukudireba a rufin jirgin, ya ɗaga gefen hula ya kara kunne. A ƙarƙashin duk rugugin nan ya ji wani siririn sauti, kamar an zuba yashi kaɗan a injin niƙa.

"Sauka, Kyaftin. Ban da wasa."

In Kunne ya ce ban da wasa, to ba mai sake buɗe baki sai kan aiki. Ya ɗaure igiyar tsaronsa a ƙugiya, ya zuge ƙofa, ya leƙa da kai waje, ya zama idon matuƙi ta baya. "Waya a dama, ka bar ta. Bishiya a baya, taku ashirin. Matso hagu kaɗan. Tsaya nan. Ƙasa, ƙasa, ƙasa a hankali." Iskar fankar ta kwantar da duk wani abu mai ganye, ta ɗauki wani kwando ta yi sama da shi, kaji suka watse. Jirgin ya dire, ya ɗan karkata, ya zauna. Dogo ya kashe inji. Fankar ta yi ta lilo tana rage gudu har ta tsaya.

"Salamu alaikum, masu gida," in ji Dogo.

A tsakiyar gonar kabeji suka sauka. Mai gonar wata tsohuwa ce, siririya, ta fito daga bayan rijiya riƙe da fartanya, ɗankwalinta a hannu don iska ta tuɓe mata shi. Ba ta gudu ba. Ta tako har gaban jirgin ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Iya," in ji Dogo, ya cire hula ya rusuna. "Gaisuwa muka zo."

"Da wannan?"

"Ba mu samu mota ba."

Ta waiwaya ta dubi layin kabejin da ya kwanta. "To, kun gaida kabejin da kyau. Saura ni."

Suka gaisa sosai, har da tambayar iyali da gajiya. Farfesa ya kira bariki a rediyo ya faɗi inda suke. Tsohuwar kuwa ta shiga zagaya jirgin, tana taɓa jikinsa da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi. Me yake sha? In ya gaji a sama yana hutawa? Wannan ƙaramar fankar ta wutsiya fa, ta shan iska ce? Farfesa ya gyara tsayuwa ya yi mata bayani tiryan-tiryan, yana juya hannu yana nuna yadda babbar fankar ke son juya jirgin, ƙaramar ke hana ta. Ta saurara har ƙarshe.

"Ban gane ba," ta ce, "amma ka iya magana, ɗana."

Kawu yana jin su sama-sama, don ya riga ya hau bayan jirgin ya buɗe murfi. A gindin giyabos akwai wani ɗan maganaɗisu da aka soka cikin mai, aikinsa ya kama duk wani ɓurɓushin ƙarfe ya kunna fitila. Ya zaro shi ya ɗaga a rana. Ga gari-garin ƙarfe nan ya tsaya a kansa kamar gashi, har da wani ɗan ɓawo mai sheƙi. Wani abu ne ke cinyewa daga can ciki, inda hannun makanike ba ya kaiwa sai an sauke akwatin duka an kai masana'anta. Ba laifin kowa ba ne. Ya sauke ajiyar zuciya, ya buɗe baki zai faɗa musu cewa yau allo ba zai samu suna ba.

Sai idonsa ya faɗa kan wani abu a cikin kwararon da ke gefen akwatin.

Tana kwance abinta, wuyanta a lanƙwashe, girgizar jirgi ta goge mata gefe ɗaya yana ƙyalli. Tsakaninta da sandunan da ke karkata fankar, waɗanda matuƙi ke sarrafa jirgin da su, bai fi taƙi ɗaya ba. Hannunsa ya tafi aljihun gwiwa da kansa. Wayam. Minti arba'in tana rawa a wurin tana matsowa. Da ta faɗa tsakanin sandunan nan, ba gaisuwa, ba ziyara, ba wanda zai koma gida ya ba da labari.

Ya ɗauke ta ya zura a aljihu.

Ba wanda ya gani. Dogo da Farfesa suna can ɗaya gefen suna tada kabeji. Katako ya cika, littafi ya cika, ciwon jirgin kuma daban ne, ga shaida nan a kan maganaɗisu. In ya yi shiru, sa hannunsa na nan, igiyoyinsa uku na Saje na nan a kafaɗa. In ya yi magana, kwamiti ne, kuma abu na farko da za su karɓe shi ne biron nan.

Ya sauko ya zauna a inuwar wutsiyar jirgin. Tsohuwar ta zo da ruwa a kofin roba ta miƙa masa, ta tsuguna nesa kaɗan.

"Shi ne abin da ya haɗiye?"

"Me, Iya?"

"Wanda ka sa a aljihu. Ina can ina kallonka. Na taɓa yin akuya haka, ta yi ta rama ba a san dalili ba, ashe leda ta haɗiye."

Kawu ya sha ruwan kafin ya amsa. "A'a, Iya. Ciwonsa daban ne."

"To shi wancan me yake yi a cikinsa?"

"Mantawa na yi."

"Ayya." Ta gyaɗa kai, ba alamar zargi a fuskarta, irin kallon da ta yi wa ƙaramar fanka ne take yi masa. Ta ɗaga kai ta dubi sama. "Kullum ina ganin 'yan'uwansa suna wucewa ta nan. Su ma duk da irinsa a cikinsu?"

Ya so ya ce a'a. Sai ya tuna aljihunan nan masu ƙara, ya ƙirga mutum huɗu a ransa ba tare da ya wahala ba, dukansu ƙwararru, dukansu katakonsu cike yake kullum. Shi ma ai ƙwararre ne har zuwa safiyar yau. Kira ɗaya aka yi masa daga ƙasa.

"Ban sani ba, Iya," ya ce.

"To wa ya sani?"

Ya miƙa mata kofin ya tashi. Ya samu Dogo durƙushe yana tara ƙasa a gindin wani kabeji, yana ce masa ya yi haƙuri ba da gangan ba ne. Kawu ya fara nuna masa maganaɗisun.

"Alhamdu lillahi," in ji Dogo. "Ziyara ce ke nan. Farfesa, ka tambayi Iya ko tana da ɗakin baƙi."

"Akwai wani abu, Kyaftin."

Ya zaro sifanar ya ɗora a tafin hannu. Ya faɗi inda ya same ta, da yadda ta je wurin, da shekarun da ta yi a aljihunsa. Dogo bai karɓa ba. Ya hau jirgin da kansa, ya leƙa kwararon, ya auna da hannu, ya daɗe a can. Da ya sauko fuskarsa ta canja, ya zauna a kan kunyar gona ya cire takalmi ɗaya ya zazzage ƙasa, alhali ba ƙasa a ciki.

"Kunne, 'yata ta fara tafiya shekaranjiya."

"Na sani, Yallaɓai."

"Ka san dole in rubuta."

"Shi ya sa na kawo maka."

"Ga gona kadada guda. Ga rijiya can. Ba ka ga rijiyar ba ne?"

"Na gan ta. Tun ina sama nake kallonta."

Dogo ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya mayar da takalminsa. Farfesa, wanda ya tsaya a gefe yana ji, ya buɗe baki da alama shafi zai kawo, Dogo ya ɗaga masa yatsa. "Farfesa, in ka faɗi lamba, a nan za ka tare."

Kwana biyu suka yi kafin a kawo wani giyabos a mota tare da wasu makanikai. Kawu bai taɓa aikin ba, shi ya ce kada a ba shi. Ya ɗauki fartanyar tsohuwar ya gyara mata kunyoyin da suka baje, ya ɗaure mata darnin da iska ta kayar, ya gyara ƙarfen jan gugan rijiya da ke kuka. A mota ya koma bariki.

Kwamitin mutum uku ne a bayan wani dogon tebur mai koren mayafi, sifanar a tsakiya an ɗaura mata 'yar takarda a wuya. Shugabansu wani Manjo ne mai furfura da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Ya ɗauke ta ya jujjuya.

"Shekara nawa?"

"Goma sha tara, Yallaɓai."

"Kai kaɗai ne mai irin wannan?"

"Aljihuna kaɗai na zo da shi, Yallaɓai."

Manjo ya dube shi ta saman tabarau ya daɗe, sannan ya rubuta wani abu. Aka karɓe izinin sa hannunsa, ba a faɗi ranar mayarwa ba. Aka cire masa igiya ɗaya. Aka tura shi sito, ya riƙa ba da kayan aiki ta taga yana karɓa.

Da rana tsaka ya shigo gida, lokacin da bai saba dawowa ba. Matarsa, wadda duk dangi ke kira Inna, tana tsakar gida tana shanya. Ya faɗa mata a tsaye, bai rage komai ba. Ta ajiye bokiti ta ce ya tuɓo rigar. Ta zauna a bakin ƙofa da reza ta warware igiyar da kanta, zare ɗaya-ɗaya, don kada tela ya ji labari. Wurin da aka cire ya fi sauran rigar duhu, rana ba ta taɓa shi ba.

"Za a gani," ta ce.

"A gani."

"Ka ci abinci?"

A ɗakin shayi kuwa an kwana biyu ana musu. Wasu suka ce sunansa ya hau allo, wasu suka ce ba shi ya saukar da jirgin ba, ƙa'ida ƙa'ida ce. Dogo ne ya raba gardamar. Ya ɗauki alli ya rubuta "Sifana mai lamba goma," ya ce tunda ba ta da hannu, waliyyinta zai dafa a madadinta. Kawu ya dafa. Suka ce shayin ba daɗi, shekara goma sha tara suna jira ashe ba abin jira ba ne, suka kuma shanye tas kullum.

Sito ɗaki ne mai taga ɗaya da warin man shafa ƙarfe. Daga tagar yana hango jirage suna tashi da sa hannun wasu. Ya ce wannan ne ya fi yi masa ciwo, ya ji inji na ɗumi a waje, kunnensa na ba shi labari, ba mai tambayarsa. A mako na uku wani tsohon Saje da ake kira Ba-Sauri ya zo tagar, ya waiga hagu da dama, ya ajiye wani abu a naɗe cikin tsumma. Sukudireba ce da aka yanke aka yi mata ƙugiya.

"A hanya na tsinta," in ji Ba-Sauri.

"Wace hanya?"

"Hanya dai. Kai ɗan sanda ne?"

Bayan kwana biyu wani ya tsinci filaya mai dogon baki. Wani ya tsinci madubi ƙarami a kan waya. Ba wanda ya zo da rakiya, ba wanda ya kalli Kawu a ido, kowa a hanya ya tsinta. Kafin wata biyu abu goma sha ɗaya ya taru. Kawu ya jera su a kan kanta, ya yi ta jujjuya su yana ƙoƙarin gano wane lungu na jirgi kowanne aka yi wa. Ya gano tara. Biyu sai da ya bi masu su da lallashi suka nuna masa.

Labari ya kai wa Manjo. Ya zo da kansa ya tsaya a gaban kantar, hannu a baya.

"Duk a hanya?"

"Haka suka ce, Yallaɓai."

"Lallai hanyar nan tana da albarka." Ya ɗauki mai ƙugiyar. "Wannan na mene ne?"

Kawu ya kai shi gindin jirgi ya nuna masa. Manjo ya naɗe hannun riga ya gwada kai wa notin nan na bayan bututu da sifanar gwamnati, ya goge fatar yatsa, ya yi tsaki. Ya juya ya tafi. Bayan wasu makonni takarda ta fito cewa a ƙera irin bakwai daga cikin kayan a maƙerar bariki, a buga musu lamba, a zana musu inuwa a kowane katako. Kawu aka sa ya tsaya a kan maƙeran. Tasa ta mahaifinsa kuwa tana cikin ambulan ɗin kwamiti. Sau biyu ya nema, aka ce shaida ce, ba a mayarwa.

Igiyar ba ta dawo ba, da biyu ya yi ritaya. Izinin sa hannu ne ya dawo, bayan wata takwas. Ran nan da safe ya duba jirgin tun daga hanci har wutsiya, ya ƙirga katako, Kofur ya ƙirga. Aka miƙo masa littafi. Bai karɓa ba tukuna. Ya tsaya a gaban jirgin, a gaban kowa, ya shiga zazzage aljihunsa ɗaya bayan ɗaya yana barin su a waje kamar kunnuwan zomo: na ƙirji biyu, na gefe biyu, na baya, na gwiwa. Ba komai sai hankici da goro rabi.

Dogo ya leƙo ta tagar matuƙi. "Kunne, in za ka fi samun natsuwa ka tuɓe wandon ma. Farfesa zai rufe ido."

"Littafi bai hana ba," in ji Farfesa.

Kawu ya karɓi biro ya rubuta sunansa, a hankali, harafi ɗaya-ɗaya. Ya hau ya zauna a kujerar tamfol ya ɗaure igiyar tsaro. Tafiyar minti hamsin ce. Gefen hularsa a ɗage, yana saurare. Bai ji komai ba sai inji. Suka sauka a inda aka aike su.